Goro a Kurmi, Dabino a Hamada

Jawabin da aka yi a farfajiyar masallaci ranar biki, bayan sallar La'asar



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya rarraba ta, nan kurmi, can daji, gaba kuma hamada, ya zuba wa ko wane yanki irin halittar da za ta iya zama cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai martaba Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da Na'ibi, Allah ya gafarta muku. Malamai, dattawan unguwa, iyayenmu mata, samari da 'yan makaranta, ina gaishe ku da zuwa.

Waɗanda suka riga ni tashi sun ba da tarihin ginin nan tun daga tushensa, sun ambaci bayin Allah da suka ba da dukiyarsu da ƙarfinsu. Allah ya saka musu da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa Allah ya haskaka kabarinsu. Ni abin da aka ɗora mini dabam ne. An ce in yi magana a kan itatuwa da dabbobi, yadda su ke bambanta daga wata ƙasa zuwa wata, da yadda ko wanne ya dace da mazauninsa. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan biri da gada, me ya kawo zancen namun daji cikin bikin masallaci? To, jama'a, in ba domin wani itace guda ya ƙi tsirowa a ƙasar Hausa ba, da wuya a ce kakanninmu sun san hanyar wannan ƙasa, balle su kafa zango a Kumasi su ta da hasumiya. Itacen nan kuwa shi ne goro.

Ku dubi itacen goro da kyau. Ganyensa mai faɗi ne, kore har ya yi duhu, ba ya kakkaɓe shi rani da damina. Yana ƙarami ba ya son rana, sai an dasa shi a inuwar ayaba ko ta wani babban itace. Yana son iska mai laima, da ƙasa mai zurfi wadda ba ta bushewa ƙayau. Duk waɗannan akwai su a ƙasar Tonawa, inda ruwan shekara ya kan kai wajen inci 55, ya kuma zo kashi biyu, na fari tun daga watan Maris har Yuli, na biyu daga Satumba har Nuwamba. A Kano wajen inci 35 ne, kuma duk cikin wata 4 ko 5 ya ke zuba, sa'an nan sama ta ɗauke har wata 7, hunturu ya busa, bazara ta gasa ƙasa. Ina goro zai iya da wannan?

Har 'ya'yansa ma haka su ke. Ƙwayar gero in ta bushe sai ta yi barcinta a rumbu shekara 2 ko 3, ran da ta ji ruwa ta farka ta tsiro, domin ita 'yar ƙasar da rani ya fi damina tsawo ce. Goro ba shi da wannan barci. A gidansu ƙasa ba ta rabuwa da danshi, ɗan da ya faɗo ba shi da wani rani da zai jira ya wuce. In ya bushe ya mutu ke nan, ba ya shukuwa, ba ya kuma ciwuwa da daɗi. Shi ya sa fataken dā su ke shimfiɗa masa ganyen fita a cikin huhu, su riƙa kwancewa a zango suna yayyafa ruwa, suna tsince mai sankara, tafiyar wata 2 ko 3 daga Salaga zuwa Kano. Watau ɗan guntun kurmi su ke naɗe masa, su ɗauke shi ciki har bakin kasuwa. Fataucin nan ya daɗe ƙwarai, gama littafin Tarihin Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun ƙarni na 15. Da aka kai wannan irin goro ƙasar Yarbawa ya karɓi kurminsu, sai suka riƙa kiransa gbanja, watau ɗan Gwanja, alhali kuwa a Gwanja saye kawai a ke yi, ba can ya ke tsirowa ba.

To, me ya sa ayari ya ke tsayawa a Salaga, bai zarce cikin kurmin ba? Dalili ɗaya na sarauta ne, sarakunan Tonawa ba su yarda baƙi su shiga gonakin goro su saya da kansu ba. Sai bayan da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, da yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya warwatsa fatake zuwa Kete Karachi da Yeji da sauran wurare, da kuma kafuwar mulkin Turawa a nan bayan yaƙin 1900, sa'an nan zangonmu ya cika ya batse. Amma akwai wani mai gadin kurmi wanda ya fi dogaran sarki tsanani, ga shi kuwa bai fi ƙudan gida girma da yawa ba. Ƙudan tsando na ke nufi. Jaki da doki da takarkari, in sun daɗe a ƙasarsa, sai su rame su mutu. Saboda haka a ka a ke ɗauko goro daga kurmi zuwa Salaga, daga nan jakuna su karɓa.

Shi kansa tsandon abin dubawa ne. Ƙudan gida ƙwai ya ke zubawa barkatai, amma macen tsando cikin cikinta ta ke renon tsutsa guda ɗaya, tana ciyar da ita da wani abu mai kama da nono, ta haife ta bayan kwana 9 ko 10, ta ajiye ta a ƙasa mai laushi ƙarƙashin inuwa, tsutsar ta nutse ciki. In rana ta gasa wurin, ko ya bushe, ta mutu. Da mace da namiji ba su da abinci sai jini. Kun ga ke nan shi ma ɗaure ya ke da inuwa da laima kamar goro, iyakarsa kurmi da daji mai itatuwa da bakin rafuka, ba shi da ikon hawa can arewa inda ciyawa ta yi gajere. A 1895 wani likitan soja mai suna David Bruce, yana aiki a ƙasar Zulu, ya tabbatar cewa wata ƙwayar cuta ce ƙudan ke ɗaukowa daga jinin namun daji ya zuba a jinin dabbar gida. Ita ce cutar da makiyaya ke kira sammore, 'yar'uwarta kuma ita ke kawo wa mutane ciwon barci.

Ga abin mamakin. Cikin ƙasar tsandon nan akwai shanu, suna kiwo suna haihuwa. Su ne 'yan gajerun nan marasa tozo, muturu da danginsa, da kuma ndama ta Futa Jalo. Ɗan arewa in ya gan su sai ya yi dariya ya ce 'yan maruƙa ne. Tsando na cizonsu kamar yadda ya ke cizon bunaji da rahaji da bokoloji, cutar ma tana shiga jininsu, amma jikinsu ya kan danne ta ta kasa yawaita, jininsu kuma ba ya ƙonewa kamar na masu tozo. Su kuwa masu tozon baiwarsu a wani wuri ta ke: dogayen ƙafafu na tafiya mai nisa tsakanin ciyawa da rijiya, da sakakkiyar fata mai reto a wuya da ke taimaka musu fitar da zafi, da jimirin yunwar bazara. Haka tumaki, haka awaki. Ku gwada balami da uda da 'yar tunkiyar kurmi, ko jar akuyar Sakkwato da 'yar gajeruwar akuyar da ke yawo a lungunanmu. Duk wanda ya taɓa sayen ragon arewa tun Layya da sauran wata 3, ya ɗaure shi a nan cikin damina, ya san ɗawainiyar tari da zawo da ciwon kofato. 'Yar gajeruwar kuwa ko a jikinta.

Ina so ku ba ni hankalinku a nan, gama wannan shi ne gindin maganar. Abu biyu ne mutane ke haɗawa, sabo da gado. Mutumin da ya zo daga Katsina, shekararsa ta fari laimar Kumasi ta kan dame shi, daga baya ya saba. Wannan sabo ne, kuma iyakarsa jikin mai shi. Abin da ke jikin muturu ya wuce sabo, domin ko ka ɗaure bunaji shekara 10 a kurmi kana ba shi magani, ɗansa ba zai fito da jinin muturu ba. Yadda abin ya ke, cikin ko wane garke ba a samun dabba biyu da suka yi daidai ta ko wace fuska. Wata ta fi wata jimirin ƙishirwa, wata ta fi jimirin cuta, kuma 'ya'ya su kan gaji wannan daga iyaye. In garke ya zauna ƙasar tsando, masu rauni su ke fara mutuwa, masu jimiri su saura su haihu. 'Ya'yansu ma a sake tace su haka, jikoki ma haka. Shanu marasa tozo sun riga masu tozo zuwa Afirka ta Yamma da dubban shekaru, duk tsawon zamanin nan kuwa ana wannan tankaɗe da rairaya, har abin da ya rage a faifai shi ne wanda mu ke gani yau. Manomi ma haka ya ke yi sa'ad da ya ware zangarniyar da ta fi kyau ya rataye domin iri, makiyayi kuma ya zaɓi bijimin da zai bari cikin garke. A daji, fari da cuta da maƙiyi su ke yin zaɓen, bisa ƙaddarawar Ubangiji, wanda ya sanya wa ko wane abu sababi.

Malamanmu na dā sun lura da wannan tun da wuri. Jahizu mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 ta Hijira, cikin littafinsa Kitabul Hayawan ya kawo zancen wani fili mai baƙaƙen duwatsu a ƙasar Banu Sulaim, irin wanda alhazanmu ke gani tsakanin Makka da Madina. Ya ce dabbobin wurin da tsuntsaye da ƙwari duk sun yi baƙi. Ya kuma lura farar da ke zaune cikin ɗanyen ganye koriya ce, kwarkwatar da ke kan saurayi baƙa, ta kan mai furfura kuwa fara. Shi a ganinsa ƙasar wurin da ruwanta da iskarta su ke rina su. Masu binciken zamani sun sami irin wannan a Arizona ta ƙasar Amurka, inda wani ɗan ɓera ya ke da launin rairayi a kan rairayi, amma danginsa da ke kan baƙin dutsen da aman wuta ya bari baƙaƙe ne. Da suka bi sawun abin sai suka ga mujiya ce marinar. Farin ɓera a kan baƙin dutse tun daga nesa ta ke hango shi, baƙin kuwa ya kan tsira ya haihu. Jahizu ya ga abin daidai, sababin ne ya jira waɗanda suka zo bayansa.

Kada wani ya ce wannan sai an yi shekara dubu kafin a gani. Dattawan da ke nan sun tuna zamanin da ƙwayar kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana 3. Ina ta ke yau? Cikin ƙwayoyin cutar an sami 'yan kaɗan da maganin ba ya kashewa, su suka saura suka yaɗu, har a 2004 hukumar ƙasar nan ta sauya magani. A gaban idonmu aka yi. Shi ya sa likita ke cewa a shanye magani duka ko an ji sauƙi, kada a bar masu taurin kai su zama iri.

Baturen da ya fi shahara da bayanin wannan zaɓe shi ne Darwin, wanda ya buga littafinsa a 1859, kuma na san 'yan makarantarmu na boko suna gamuwa da sunansa su rasa yadda za su yi da shi. Abin da zan ce musu, game da asalin ɗan Adam muna kan abin da Alƙur'ani ya gaya mana na Annabi Adamu. Amma sauyawar iri bisa ga mazauninsa, wadda makiyayi da manomi da likita duk suka shaida, musunta ba ya ƙara wa kowa imani. A cikin Suratu Faɗir Allah ya ja hankalinmu ga saɓanin launin 'ya'yan itace da duwatsu da mutane da dabbobi, a nan take kuma ya ambaci masu sani da tsoronsa. A Suratul Gashiya ya umurce mu da duban yadda aka halicci raƙumi.

To, bari mu dube shi, tun da yaranmu da yawa ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto. Tozonsa kitse ne, guzurin abinci, masu cewa tulun ruwa ne sun yi kuskure. Tara kitsen wuri ɗaya ya sa sauran jikin ya huta da bargon da zai riƙe zafi. A 1953 da 1954 wani masani mai suna Schmidt-Nielsen ya zauna a Beni Abbas cikin hamadar Aljeriya yana auna raƙuma. Ya ga raƙumi mai ƙishirwa ya kan bar jikinsa ya yi sanyi da asuba har digiri 34, da rana ya bar shi ya hau har ya wuce 40 kafin ya fara gumi sosai, da dare ya saki zafin a iska kyauta. Wannan dabara kaɗai ta kan tsimin masa ruwa wajen lita 5 a yini. Yana iya rasa rubu'in nauyinsa saboda ƙishirwa yana tafe, abin da tuni ya kashe mutum, in ya sami rijiya kuma ya shanye kusan lita 100 cikin minti 10 zuwa 15. Hancinsa na rufewa in guguwa ta taso, tafin ƙafarsa shimfiɗaɗɗe ne mai taushi domin rairayi. Amma kawo shi nan cikin taɓon Yuni, ƙafar nan da ta gagari hamada ita za ta zame ta kayar da shi, tsando kuma ya ƙarasa.

Itatuwan arewa ko wanne da tasa dabarar rani. Kuka ta kan zubar da ganye ta tsaya tsirara, ta dogara ga ruwan da ta tara cikin gangarta mai taushi kamar soso, kuma an auna wata a Zimbabuwe aka ga ta haura shekara 2,000. Kaɗanya ta yi sulke da ɓawo mai kauri mai tsage-tsage, wutar daji ta bi ta kanta ta wuce. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa: da damina, sa'ad da duniya ta yi kore, shi ya ke kakkaɓe ganyensa, da rani ya yi lif. Saiwarsa ce ta nutsa har ta kai ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda haka bai damu da na sama ba. Manomi ya ci riba biyu, gero ya sami rana da takin ganye a gindinsa da damina, dabbobi su sami inuwa da 'ya'yan gawo da bazara. Ku lura kuma, ruwan sama ne ke yanka iyakar nan, ba kusanci da arewa ba. Ankara tana bakin teku, amma ruwanta wajen inci 30 ne, bai kai na Tamale ba, ga kuka nan kuwa tsaye a duwatsun Shai kamar a ƙasar Dagomba.

Itacen kurmi ba ruwa ne damuwarsa ba, haske ne. Shi ya sa ya ke miƙewa sambal ba reshe sai ya kai sama. Albarkar ƙasar kurmi kuma a fatar sama ta ke, cikin ruɓaɓɓen ganye, don haka saiwoyi ba su nutsawa can ƙasa, sai itacen ya yi wa kansa waɗansu fuka-fukai kamar bango a gindi su tallafe shi. Ku dubi rimin kurmi, wanda Tonawa ke kira onyina, ku tuna da na Zariya, dangi ɗaya ne, amma na nan ya fi tsawo da faɗin gindi. Ganyayen kurmi da yawa suna da ɗan tsini a baki kamar indararo, domin ruwa ya tsiyaye da sauri. Wanda ya gane haka ya san dalilin da ya sa in an sare kurmi, ko masu haƙar zinariya sun birkice fatar nan ta sama, ƙasar ba ta komawa yadda ta ke cikin rayuwar mutum guda.

Waɗansu halittu jiran wahala su ke yi ta wuce, waɗansu kuwa ƙaura. Gaiwa, in tafki ya ƙafe, ta kan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa tana shaƙar iska da huhu, ta kwana nan wata da watanni har ruwa ya dawo. Shamuwa kuwa bafatakiya ce, ta yi sheƙa a garuruwan Hausa da damina ta ci fara, kaka na yi ta haye can kudancin Afirka inda damina ke farawa. Jemagun nan da ke rataye dubbai bisa dubbai a itatuwan gidan namun daji kusa da Kejetia su ma haka, su kan bi nunar 'ya'yan itace har arewa su komo. Yara na jifansu, ba su san su ke baza irin odum cikin kurmi ba, danginsu kuma su ke ziyartar furen kuka da dare har ta yi 'ya'ya.

Ɗan Adam bai fita daga wannan hukunci ba, akwai kuma misali ɗaya da ya shafi gidajenmu kai tsaye. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu ne a ke samun gadon jinin sikila da yawa. A 1954 wani likita mai suna Allison, daga binciken da ya yi a Afirka ta Gabas, ya nuna dalili: yaron da ya gaji abin daga ɗaya cikin iyayensa kaɗai lafiyarsa lau, har ya fi sauran yara tsira daga zazzaɓi mai kisa. Garkuwa ce ke nan. Amma in uwa da uba duka suna ɗauke da shi, ko wane ciki akwai kashi 1 cikin 4 a haifi mai ciwon amosanin jini. A ƙasar nan wajen jarirai 2 cikin 100 da shi a ke haihuwarsu, kuma a nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Ina roƙon iyaye da waliyyai, a yi gwajin jini tun kafin a kai goron tambaya, kada a bari sai an sa rana, sa'ad da janyewa ta zama abin kunya.

Yanzu na zo kan shawarar da ke gaban kwamitin masallaci. An yi niyyar dasa itatuwa a farfajiyar nan domin tunawa da wannan rana, kuma na ji da yawa cikinmu sun fi son dabino, saboda darajarsa a Alƙur'ani da kasancewarsa itacen Madina. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da ladanta. Amma ku bi dangin dabino daga arewa zuwa kudu ku gani. Dabino a Bilma da Ingal da sauran dausayin hamada. Goriba a ƙasar rairayi. Giginya a daji da fadamu. Kwakwar manja a kurmi, tukurwa a cikin taɓo, kwakwar attagara a bakin teku. Gida ɗaya ne, amma an raba musu gado. Larabawa su kan ce dabino ƙafarsa a ruwa, kansa a wuta. Yana son saiwarsa ta sha, amma tun daga fure har nuna yana bukatar watanni na zafi da busasshiyar iska. Ruwa in ya sauka a kan fure ya wanke shi, in ya sauka a kan 'ya'ya masu nuna sai su tsage su yi tsami su ruɓe. A Kumasi ba mu da irin waɗannan watanni a jere. Itacen zai iya tsayawa ya yi ganye, amma wanda ya ke jiran ya buɗe baki da 'ya'yansa zai daɗe yana jira. Ga shi kuma akwai namiji akwai mace, wanda aka shuka daga ƙwallo ba a sanin ko wanne ne sai ya yi fure bayan shekaru, sa'an nan sai an hau an kaɗa furen namijin a kan na macen. A kan wannan barbarar dabino ce Imamu Muslim ya ruwaito cewa mutanen Madina sun bar ta wata shekara saboda wata magana da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi musu, amfanin bai yi kyau ba, sai ya mayar musu da al'amarin, ya nuna musu su suka fi sanin sha'anin gonarsu. Saboda haka tambayar manomi kafin a dasa itace bin koyarwarsa ne.

Baƙon itace ya kan karɓi ƙasa in ta yi kama da gidansu. Koko ɗan kurmin Amazon ne na Amurka ta Kudu. Tetteh Quarshie ya kawo shi daga tsibirin Farnando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem, ya tarar da inuwa da laima irin waɗanda ya baro, kafin 1911 ta ƙare ƙasar nan ta wuce kowa a duniya wajen fitar da shi a wancan zamani. Dogon yaro daga Indiya ya zo, ya sami busasshiyar ƙasa irin tasu a arewa da filin Ankara, ya bazu har ya zama kamar ɗan gida. Dabino a nan ba zai sami abin da waɗannan suka samu ba.

Abin da na ke ba kwamiti shawara, a dasa goro. Rimi da odum sun fi ƙarfin farfajiyar, saiwarsu za ta ɗaga daɓe ta tsaga katanga. Goro matsakaici ne, inuwarsa mai sanyi, ba ya kuma tsiraita da rani. A nemo dashe daga wurin masu reno, a sa shi a gefen gabas nesa da bango kamar taki 10, cikin watan Afrilu ko Mayu sa'ad da ruwa ya zauna. A riga shi da ayaba a gefe domin ta yi masa laima shekarun fari, a kewaye shi saboda awaki, a kuma ɗora wa 'yan makarantar allo ban ruwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Sai ya yi wajen shekara 7 kafin ya fara 'ya'ya. Wanda kuma ransa ya kafe a kan dabino, a ba shi kusurwa ɗaya ta yamma ya dasa guda biyu domin kwalliya, amma na buɗa-baki a ci gaba da saye wurin masu kawowa daga Agadas.

Allah ya ƙara wa wannan masallaci albarka, ya jiƙan waɗanda suka kafa shi.